Shayi, Burodi da Ƙwai Ɗaya: Lissafin da Ke Bayan Karin Kumallon Otal a Jos

A watan Disambar da ya wuce muka aurar da ƙanwata a nan Jos. Gida ya cika ba masaka tsinke, sai muka kama wa Kawu ɗaki a wani matsakaicin otal da ke kan hanyar Bukuru. Kawu mutumin Azare ne, ya haura shekara sittin, manomi kuma ɗan kasuwar hatsi. A wurin karɓar baƙi aka shaida mini cewa kuɗin ɗakin ya haɗa da karin kumallo, na ji daɗi, na ce an rage mini ɗawainiya ɗaya. Washegari wajen bakwai da rabi na je gaishe shi, na tarar da shi zaune a bakin gado, ya naɗe kai da wuya saboda sanyi, ga tire a gabansa: burodi yanka uku a cikin leda, dafaffen ƙwai ɗaya da ya riga ya huce, ganyen Lipton ɗaya mai zare, 'yar ledar madarar gari, sukari ƙwaya uku, ɗan lakacen bota a gefen faranti, sai fulas na ruwan zafi. Ya yi bismilla ya cinye tas. Da yarinyar da ke aiki a wurin ta dawo ɗaukar tire, sai ya ce mata, “Sannu 'yar nan, Allah ya yi albarka. To a kawo abincin.” Ta ɗan rusuna ta ce, “Baba, ai shi ne wannan.”

Yarinyar ba ta yi laifi ba, abin da aka ɗora mata ta kawo. Kawu ma bai yi ba. Shi a saninsa, karin kumallo abu ne da zai karya kumallon nan da ke taso wa mutum in ciki ya kwana wayam, ya kuma riƙe shi har azahar: koko da ƙosai, ɗumamen tuwo da man shanu, waina da miya, kunun gyaɗa mai kauri. Sai da ruwan ciki ake jan na rijiya. Tun ranar nake juya maganar tiren nan a raina, domin duk matsakaicin otal ɗin da ka sauka, a Jos ne ko Kaduna ko unguwannin Abuja, kusan shi za a ajiye maka, kamar an haɗa baki. Abin da ya zama ruwan dare haka ya wuce a ce rowar mutum ɗaya ce. Yana da tarihi, yana kuma da lissafi, kuma lissafin ya fi tarihin ƙarfi.

Masu harkar otal suna kiran irin wannan kalaci “kontinental”, wato na nahiya. Turawan Ingila ne suka raɗa masa sunan a ƙarni na 19. Su a tsibiri suke, in suka ce “nahiya” suna nufin sauran Turai da ke tsallaken ruwa, su Faransa da Italiya. Baturen Ingila mai hali ya saba buɗe safiyarsa da abinci mai nauyi: soyayyen ƙwai, naman alade, gasasshen burodi, wani lokacin har da kifi. Da ya ƙetara Faransa sai ya tarar mutane suna wadatuwa da gahawa da madara da burodi da bota da ɗan jam, su ajiye cikinsu sai babban abincin rana. Daga baya otal-otal na Amurka suka rungumi tsarin. Su da can kuɗi ɗaya ake biya ya haɗa ɗaki da abinci sau uku, a Turai kuwa ɗaki kawai kake biya, abinci daban. Wannan ɗan kalacin sai ya zauna a tsakiya: ba a bar baƙo ya fita da yunwa ba, ba a kuma ɗora wa otal nauyin girki ba. Konfiles, busasshen abincin masara da ake ci da madara, ya shigo sahu bayan 'yan'uwan nan biyu na gidan Kellogg sun ƙirƙiro shi a garin Battle Creek na jihar Michigan a 1894, aka kafa kamfaninsa a 1906. Abinci ne da ba ya bukatar wuta ko kuku, madara kawai za a tsiyaya masa.

Abin da ya fi tsaya mini a tarihin nan shi ne, a Faransa ba wani abincin otal ba ne na musamman. Abin da mutanen gari ke ci ne. Ƙaramin mai otal a birnin Paris ba sai ya gasa burodi da kansa ba. Gidan burodin da ke layinsa ne ke tashi tun tsakar dare, kafin baƙo ya farka an kawo shi da ɗuminsa. Alkamar daga gonakin ƙasar take, botar daga shanunsu. Asalin dabarar ke nan: a ba baƙo abu mara nauyi daga cikin abin da gari ke ci da safe, a saye shi a hannun maƙwabcin da sana'arsa ke nan. Mu da abin ya iso mana, sai muka kwashi kayan da ke kan farantin muka bar dabarar. Ko kayan ma ba su iso yadda suke ba. Abin da muke kira bota, yawanci majarin ne da aka yi da man tsirrai. Madarar gari ta 'yar leda, da yawanta an cire mata kitsen nono an maye gurbinsa da man tsirrai don ta yi araha. Lemon kwali, in an sa shi, galibinsa ruwa ne da sukari da ƙamshi. Burodin kuwa ya kwana ɗaya ko biyu a leda. Zanen aro ne, shi ya sa bai rufe katara ba.

Jos na cikin garuruwan Arewa da suka fara ganin irin wannan teburi. Haƙar kuza ta tara Turawa a kan tsaunin nan tun farkon ƙarni na 20, jirgin ƙasa ya iso daga Zariya a 1914, sanyin garin kuma, da tudunsa na kusan mita 1,200, ya sa ma'aikatan mulkin mallaka da 'yan mishan suka mai da shi wurin hutu. An buɗe otal ɗin Hill Station a 1938. Kukun da suka koyi aiki a gidajen Turawa da gidajen saukar baƙi na gwamnati su suka koya wa na bayansu cewa kalacin manya shi ne shayi da burodi da ƙwai, ƙosai kuwa na bakin titi ne. Har yau wannan karatu bai gama fita daga kanmu ba. Amma ba zan ɗora masa dukan laifin ba, domin ko da an wanke shi tas, lissafin kuɗi zai sake dawo da tiren nan.

A ce otal ne mai ɗaki arba'in. Mai shi bai san mutum nawa za su ci da safe ba. Yau ɗaki goma ne a kame, jibi an zo taron bita ko ɗaurin aure duk sun cika. A cikin waɗanda suka kwana ma, wani zai fita tun asuba, wani yana azumin Litinin, wani ba zai motsa ba sai ƙarfe goma. Saboda haka duk abin da za a tanada dole ya zama wanda in ba a ci yau ba za a ci gobe. Ganyen shayi na yin watanni a sito. Haka madarar gari, haka sukari, haka konfiles. Ɗanyen ƙwai na yin kwanaki ba firji, balle a sanyin Jos. Burodi ne kaɗai mai gajeren kwana, shi ma in ya fara bushewa sai a gasa shi a fitar. Kusan ba abin da ke zuwa bola.

Akwai kuma dalilin da ba a cika faɗa a fili ba, amma duk wanda ya taɓa riƙe mabuɗin sito ya san da shi. Komai na tiren nan ana iya ƙirga shi. Kiret ɗaya ƙwai talatin ne, baƙi talatin ke nan. Kwalin shayi an san ganye nawa ne a ciki, burodi an san yanka nawa ne, sukari ƙwaya-ƙwaya yake. Mai sito zai fitar da kaya daidai yawan ɗakunan da aka kama, da rana manaja ya buɗe littafi ya ga ko lissafi ya yi daidai. Tukunyar koko fa? Wa ya san ludayi nawa ne a cikinta, wa zai ce ga inda rabinta ya shiga? Mai otal da ba ya kwana a wurin, wanda ya bar dukiyarsa a hannun ma'aikata masu ƙaramin albashi, hankalinsa ya fi kwanciya da abin da ake ƙirgawa. Ba wai ma'aikatan ɓarayi ba ne. Tsarin ne aka gina shi a kan rashin yarda, abincin kuma ya bi sahun tsarin.

Sai maganar hannu da wuta. Tafasa ruwa da dafa ƙwai, yaron da ya kwana a bakin aiki ma zai iya, a kan murhun gas guda ɗaya. Babban kuku ba zai shigo ba sai rana ta ɗaga, don girkin rana da na dare waɗanda ake saya da kuɗi. Otal a Jos kuwa tun asuba wuta ke cin kuɗinsa, domin a watan Disamba da Janairu ba baƙon da zai yarda ya yi wanka da ruwan sanyi, kowane ɗaki na'urar ɗumama ruwa na aiki. In an ɗauke wuta sai janareta da man dizal. A watan Afrilun 2024 aka ɗaga kuɗin lantarki na masu rukunin A, wato waɗanda aka fi ba wuta, zuwa naira 225 kan kowane ma'auni, daga ƙasa da naira 70. Wanda ke fama da wannan ba zai yi marmarin buɗe kicin sosai da ƙarfe biyar na asuba don abincin da ba za a miƙo masa kuɗinsa a hannu ba.

Nan ma akwai abin dubawa, domin kalmar “kyauta” da ake rubutawa a jikin allo ba kyauta ba ce. Kuɗin na cikin kuɗin ɗaki. Sai dai baƙo in yana zaɓen masauki, kuɗin ɗaki yake kwatantawa, da tsabtar banɗaki, da ko akwai wuta da tsaro. Ba wanda ke tambayar ƙwai nawa za a ba shi. To in kaya suka tashi, mai otal na tsoron ƙara kuɗin ɗaki kada baƙo ya tsallaka na maƙwabcinsa, sai ya juya kan abin da ba a gani sai an riga an biya. Ƙwai biyu ya koma ɗaya. Wainar ƙwai da albasa da tumatir ta koma dafaffe, an huta da mai. Madarar gwangwani ta koma 'yar leda. A wurare da yawa ma tikitin kalaci ɗaya ne ga ɗaki ɗaya, ko da miji da mata ne a ciki, sai su raba ko su sayi na biyu. Wannan na ƙarshen yana ba ni haushi ƙwarai, domin mu da muke cewa baƙonka annabinka, bai kamata a ajiye faranti ɗaya a gaban mutum biyu ba.

Kuma arahar tiren nan kanta ta fara zaizayewa, domin ginshiƙinsa burodi ne, burodi kuwa da dala yake tafiya. Sama da kashi 90 cikin ɗari na alkamar da Najeriya ke ci daga waje ake shigo da ita. Abin da ake nomawa a Kadawa da kwarin Haɗejia da gefen Tafkin Chadi bai kai ko'ina ba. Gwamnatin Babangida ta hana shigo da alkama a 1987, ala dole aka janye dokar a 1992. Zamanin Obasanjo da na Jonathan an yi ta ƙoƙarin cusa garin rogo a cikin fulawa, abin bai zauna ba. Yaƙin Rasha da Yukiren ya ɗaga farashin alkama a duniya a 2022, sannan aka saki naira a watan Yunin 2023, dalar da gwamnati ke sayarwa wajen naira 460 ta haura 1,500 a farkon 2024. Madarar gari ma yawancinta daga waje take. Ke nan duk safiyar da aka ajiye wa baƙo wannan tire a Jos, wani kaso mai tsoka na kuɗinsa ya tafi ga manomin wata nahiya.

Yanzu a ɗora ƙosai a kan wannan sikeli, a ga dalilin da ya sa yake faɗuwa. Sai an jiƙa wake, an surfa, an wanke dusar, an kai inji an markaɗa da attarugu da albasa, an buga ƙullun har ya tashi, sannan a soya a mai mai yawa. Ƙullun ba ya jiran kowa, soyayyen ma haka. In ya yi rabin awa a ajiye ya huce ya sake, ba shi ba ne kuma. Masa ta fi haka wuya. Tun jiya ake jiƙa shinkafa, a niƙa, a haɗa, a bar ƙullun ya kwana ya tashi, da asuba a ɗora tanda a riƙa zuba mai a kowane gurbi ana juyawa ɗaya bayan ɗaya, ga miya ko yajin ƙuli a gefe. Mai masa a bakin titi tana cin riba ne domin layinta ba ya yankewa, daga tanda sai hannun mai saye. Otal mai baƙi goma sha biyu da ke saukowa jifa-jifa daga bakwai zuwa goma ba shi da wannan layi. In ya soya da wuri ta huce, in ya jira kowane baƙo sai ya ajiye ma'aikaciya da wuta na awa uku. In kuwa zai ajiye dafaffen abinci a teburi, ƙa'idar lafiya ta ce ko dai a riƙe shi da zafi sama da digiri 60, ko kada ya wuce awa biyu a ajiye, riƙe zafin kuma wani kuɗin ne.

Shi ya sa abin yake juyewa in ka shiga manyan otal-otal na Abuja. Otal kamar Transcorp Hilton, wanda aka buɗe a 1987, yana da ɗaki sama da 600. A wurare masu irin wannan girma layin masu ci ba ya yankewa, kamar dai na mai masar bakin titi, don haka teburin ɗauki-da-kanka na safe yakan ɗauki ƙosai da koko da alale da doya da miyar ƙwai, kafaɗa da kafaɗa da kayan Turawa. Ƙosai ya zama abincin mai ɗan canji a bakin tasha da na mai biyan dubban ɗaruruwa a dare ɗaya. Wanda ke tsakiya, malamin makaranta da ya zo bita, ma'aikacin da aka turo aiki, dattijon da ya zo ɗaurin aure, shi aka bari da burodi yanka uku.

Ga jiki kuwa, tiren nan ba abin da ya fi yawa a cikinsa kamar abin da ke saurin komawa sukari. Farin burodi da konfiles suna sahun gaba a abincin da ke harba sukari cikin jini da sauri, a ƙara ƙwayoyin sukarin shayi, a ƙara jam ko lemon kwali. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ba da shawarar kada sukarin da ake ƙarawa a abinci ya wuce kimanin giram 50 a yini ga babban mutum, wajen ƙaramin cokali 12 ke nan, ga shi tun kafin ƙarfe takwas an ci kaso mai yawa a ciki. Abin da ke riƙe ciki a tiren shi ne ƙwan nan ɗaya, mai furotin kusan giram 6. Busasshen wake kuwa kusan kashi ɗaya cikin huɗu na nauyinsa furotin ne, kuma a hankali yake narkewa, shi ya sa wanda ya ci ƙosai ko alale yake kai azahar bai waiwayi abinci ba. Ba ina cewa namu ba shi da aibi ba ne. Ƙosai na shan mai, masa farar shinkafa ce, kokon da aka antaya wa sukari bai fi shayin ba. Amma a tuna Bafaranshe yana cin ɗan kaɗan da safe ne domin ya san da tsakar rana zai zauna ya ci cikakken abinci. Baƙonmu daga otal sai zauren taro ko hanya ko wurin biki, inda abinci ba zai fito ba sai biyu ko uku. Kuma da yawa daga masu kwana a otal ɗin nan dattawa ne da likita ya riga ya ja wa kunne a kan sukari.

Abin da ya fi damuna shi ne a Jos ake wannan, garin da ƙasar nan kaf take zuwa sayen kayan lambu. Ka je kasuwar Farin Gada da sassafe ka ga karas da kabeji da latas da koren wake da kokwamba ana loda su zuwa Abuja da Legas. Mafi yawan dankalin Turawan Najeriya daga Bokkos da Mangu da Barikin Ladi yake fitowa, akwai ma tashar bincike a kansa a Kuru. Vom, inda cibiyar binciken lafiyar dabbobi take tun 1924, gari ne na madara, a can ake yin yogot ɗin Farm Fresh, ga kindirmon Fulani ta kowace kusurwa. A Chaha, kusa da Vom ɗin, ana noman sitiroberi lokacin hunturu, daidai lokacin da otal-otal ke cika da baƙin biki da na hutun ƙarshen shekara. Ƙwan gonakin kajin Jos har wasu jihohi ake kai shi. Ga fiya, ga zuma, ga acca. Ko konfiles ɗin ma, kamfanin NASCO da aka kafa a garin nan a 1963 yana yin sa da masara. Ganyen shayi kuwa ana noma shi a tsaunin Mambila a Taraba. Ruwa na ƙasa sai ga wanda bai tona ba.

Kuma in aka bi lissafin mai otal ɗin da kansa, wasu daga cikin kayan nan sun ci jarrabawar. Dankali na yin makonni a ajiye, ana auna shi, minti ashirin ya dahu. Dafaffen dankali da 'yar miyar ƙwai da tumatir ba ya bukatar babban kuku. Acca busasshiyar ƙwaya ce da ke yin watanni a sito, kununta ba ya ɗaukar lokaci, yana kuma zama a fulas da zafinsa. Matsalarta ɗaya ce, tsakuwa da yashi, sai an rege ta sosai, amma yanzu ana sayar da wankakkiya a leda. Garin kunun gyaɗa da na tsamiya ma haka, mata da yawa na haɗa shi suna sayarwa, ruwan zafi kawai yake jira. Yogot a roba yake a rufe, ayaba ɗaya-ɗaya take, duk ana ƙirga su kamar yadda ake ƙirga ƙwai. Saboda haka uzurin cewa abincin gida ba ya ajiyuwa gaskiya ne a kan ƙosai da masa, amma ba gaskiya ba ne a kan komai. A nan ne tsohon karatun nan yake dawowa: manaja na jin in ya ajiye kunu a gaban baƙo, otal ɗinsa ya faɗi daraja, alhali baƙon nan kunun yake sha a gidansa.

Ƙosai da masar ma akwai hanyarsu, ita ce dai ta mai otal ɗin Faransa da gidan burodin layinsa. Kusan ba otal a Jos da za ka yi tafiyar minti goma daga ƙofarsa ba ka tarar da mai masa ko mai ƙosai ba, kuma masa a garin nan ba ta da ƙabila ba ta da addini, kowa na ci. A tambayi baƙo tun lokacin da yake karɓar mabuɗi: shayi da burodi, ko masa da kunu? Ƙarfe tara na dare an san adadi, a buga mata waya, bakwai na safe ta aiko a kula. Masa ƙirge ake sayar da ita, ƙosai ma haka, littafin manaja ba zai rikice ba. Da ɗan gari ake cin gari.

Na san inda gizo ke saƙar. Otal ya saba karɓar kaya bashi ya biya ƙarshen wata, ita kuwa da cinikin yau take auno shinkafar gobe, ba za ta iya jira ba. Akanta na son rasit, ita ba ta da shi. Akwai tambayar wane ruwa ta yi aiki da shi, sau nawa aka maimaita man suyar, domin in cikin baƙo ya ɓaci sunan otal ne zai ɓaci. In an yi haihuwa ko rasuwa a gidanta, ranar ba masa. Jos kuma gari ne da ya sha ganin dokar hana fita, ranar da unguwa ta rufe ba mai kawo kula, burodin sito ne zai fitar da mai otal kunya. Duk waɗannan gaskiya ne, amma ba wanda ya fi ƙarfin yarjejeniya: a biya ta kullum ta waya, saƙon banki ya zama rasit, a je a ga inda take suya, a ba ta mai daga sito in ana shakka, a yi magana da mata biyu maimakon ɗaya, burodi ya zauna a matsayin madogara. Wahalarsa bai kai ta neman dizal ba, wadda suke sha kullum.

Wani abin da aka kwaso tare da tiren shi ne agogonsa. Bakwai zuwa goma lokacin mutanen da ke tashi bakwai ne. Baƙonmu ya tashi tun kiran assalatu, in matafiyi ne yana so ya kama hanyar Akwanga da Keffi kafin shida ya shiga Abuja da hantsi. Kalacin da ya biya yana nan a littafi, bai ci ba. A watan azumi abin ya fi fitowa fili: mutum ya biya ɗaki da karin kumallo, ana ba da shi lokacin da bakinsa ke rufe, da ƙarfe huɗu na dare kuwa kicin a kulle. Wasu otal-otal sun gane, sukan mai da shi sahur ko su haɗa wa baƙo a leda tun dare, wasu kuwa sai ka roƙa. Haka in aka sa sosej a faranti, ya kamata a faɗi naman mene ne tun kafin a tambaya, domin baƙo Musulmi da yawa kunya ke hana shi tambaya, sai ya ture farantin gaba ɗaya.

Kwana uku Kawu ya yi. A safiya ta biyu daga gida na kawo masa masa da miyar taushe a kula, da kunun gyaɗa a fulas. Yarinyar nan ce ma ta kawo mana faranti da cokali, da fara'arta. A ta uku ya ce sammako zai yi, na zo ɗaukarsa biyar da rabi. Kicin a rufe, mai gadi kaɗai ke zaune a bakin ƙofa ya lulluɓa da bargo. A tashar Bauchi Road muka tsaya wurin mai shayi, tukunyarsa na ta tururi tun kafin gari ya waye, ya dubi Kawu ya ce, “Alhaji, ƙwai nawa za a fasa?” Kawu ya ɗaga yatsa uku. Tikitin kalacin ranar yana can kan teburin ɗakin, kusa da mabuɗi.